Yini guda a Chiang Mai da ƙafa: ta ina za a fara, ina za a yi salla, me za a ci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan je Bankok sarin kaya, ni da uwargida, kuma akwai kwana biyu a tsakani da ba mu da aiki. An ba mu shawara mu leƙa Chiang Mai da ke arewacin Tailan. Yini ɗaya cikakke kawai za mu samu a can, kuma mun fi son mu taka da ƙafa mu ga gari. Zai yiwu? Ta ina za mu fara, ina za mu yi salla, kuma yaya za mu kauce wa naman alade?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Zai yiwu ƙwarai, kuma wanda ya ba ku shawarar ya san abin da yake faɗi, domin a manyan garuruwan Tailan da wuya a sami wanda ya kai Chiang Mai daɗin takawa. Daga Bankok tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna ce a jirgin sama, filin jirgin kuma yana gab da gari. Sharaɗin ɗaya ne: ku tsara yinin bisa tafiyar rana da lokutan salla. Safiya ta tsohon birni ce, azahar ta unguwar Musulmi da ke gabas da ganuwa, tsakar rana ta inuwa, yamma ta kasuwa. Wanda ya juya wannan tsari ya fito ƙarfe goma, kafin ƙarfe biyu ya galabaita, sauran yinin a ɗaki zai ƙare shi.

Ku fara riƙe siffar garin a kai, don ita ce za ta hana ku ɓata. Sarki Mangrai ne ya kafa birnin a 1296 ya mai da shi fadar daular Lanna. Tsohon birnin murabba'i ne, kowane gefe wajen kilomita ɗaya da rabi, an kewaye shi da ramin ruwa da ganuwar bulo wadda yanzu kusurwoyinta da ƙofofinta suka rage. Wanda ya san badalar Kano da ƙofofinta ba zai sha wuyar gane tsarin ba. Ƙofofi biyar ne: Tha Phae a gabas, Chang Phuak a arewa, Suan Dok a yamma, sai Chiang Mai da Saen Pung a kudu. Dutsen Doi Suthep yana yamma da gari, ana hango shi daga tituna da yawa. Kogin Ping yana gabas. In kun ruɗe a lungu, ku miƙe ta kowace fuska, cikin minti goma sha biyar za ku ci karo da ramin ruwan. Na bar sunayen yadda aka rubuta su a allunan titi domin ku gane su, amma ku sani "th" da "ph" nasu ba irin na Turanci ba ne: Tha Phae ana faɗinsa kamar "Ta Pe".

Wannan siffa tana da wani amfani gare mu. A ƙasar Hausa mun saba alƙibla gabas ce, har kalmar ta zama ɗaya a bakinmu. A Chiang Mai alƙibla tana yamma, da ɗan karkata zuwa arewa, wajen digiri 283. Wato in kun fuskanci ɓangaren dutsen kun ɗan karkata dama, kun samu. Agogonsu yana gaba da na Nijeriya da Nijar da sa'a shida, rana kuma tana gotawa tsakanin sha biyu da 'yan mintuna zuwa sha biyu da rabi da ɗoriya, gwargwadon watan.

Watan tafiyar ma abin dubawa ne. Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ne lokaci mafi kyau: da asuba sanyi yakan sauka wajen digiri 15, da rana kuma zafin mai sauƙi ne. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu ana ƙona gonaki da dazuzzuka a yankin, hayaƙin ya taru a kwarin da garin yake, har dutsen ya ɓace wa ido. Wannan ba hazon hunturu ba ne da muka saba. Hayaƙi ne mai shiga huhu, mai asma ko ciwon zuciya bai kamata ya yini a waje cikinsa ba. A Afrilu zafi yakan kai digiri 40, kuma daga 13 zuwa 15 ga watan ake bikin Songkran, inda ake watsa wa kowa ruwa a titi, bakin ramin ruwan nan ne ma cibiyar abin. Da Hajiya a tare, ku kauce wa waɗannan ranaku. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce; ruwan yakan zo da ƙarfi da yamma ya ɗauke, lema ta wadatar.

Tafiyar duka za ta kama kilomita takwas zuwa goma. Don haka takalmi shi ne farkon shiri. Ku sa wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, sau-ciki mai taushin ƙasa, saboda za ku cire shi ku mayar fiye da sau goma a yinin. Sabon takalmi bororo zai fitar kafin azahar, mai igiya kuma zai gajiyar da ku wajen kwancewa. Ku sa safa, don daɓen harabar wuraren ibada yana ɗaukar zafi da hantsi. Ruwan famfo ba a sha. Kowane mutum ya yi lissafin lita biyu zuwa uku na ruwan gora, amma kada ku ɗauko shi duka, shagunan 7-Eleven suna ko'ina, ƙaramar gora ba ta kai baht 10 ba (baht shi ne kuɗin Tailan). Ku riƙe ƙullin gishiri da sukari na kemis guda biyu. Ciwon kan da ke kama matafiyi da la'asar sau da yawa ruwa da gishirin da suka fita da gumi ne ke kawo shi. Kuɗi kuma ku canza tun kafin ranar, ku nemi ƙananan takardu na 20 da 50 da 100, domin mai tebur ba ya son a miƙa masa 1,000 a kan cinikin 40. 'Yan canji suna neman fasfo, na'urar ATM kuma tana cire baht 220 ko fiye a kowane cirewa da katin waje.

Ku fito ƙarfe 6:30 ku tsaya a ƙofar Tha Phae. Ginin da za ku gani sabuntawa ce ta shekarun 1980, amma a gurbin tsohuwar take. In wani ya tayar muku da tattabaru don a ɗau hoto, kuɗi zai nema, ku wuce. Ku bi titin Moon Muang ta cikin ganuwa zuwa arewa, bayan 'yan mintuna za ku iske kasuwar Somphet, ƙaramar kasuwar unguwa. Nan za ku sayi ayaba da mangwaro da gwanda na karin kumallo. A wannan lokaci ne malaman addinin Buddha masu mayafi ruwan goro suke zagayawa ba takalmi, da ƙoƙo a hannu, mutane suna zuba musu abinci. Ku ba su hanya. Hajiya ta kula kada jikinta ko mayafinta ya taɓa ɗayansu, dokarsu ta hana, ko a mota ba sa zama kusa da mace.

Daga nan ku shiga lunguna zuwa Wat Chiang Man a kusurwar arewa maso gabas. "Wat" shi ne sunan wurin ibadarsu. Wannan ne mafi tsufa a birnin, an gina shi a inda Mangrai ya yi sansani lokacin da ake aikin ganuwa. Abin kallo a nan hasumiyar da ke bayan babban ɗakin ce, wadda aka ɗora a bayan giwaye goma sha biyar na bulo da farar ƙasa, sai wani dutse mai rubutu na 1581 da ya ambaci ranar kafa garin. Minti ashirin ya isa.

A nan ya kamata in tsaya kan abin da na san yana ran mutum irin ku. Babu wanda zai tilasta muku rusunawa ko kunna turare ko ba da sadaka. Baƙi na kowane addini suna shiga su kalli gini su fita. In zuciya ba ta natsu da shiga ɗakin da gumaka suke ba, ku tsaya a haraba, mafi yawan abin kallon, wato hasumiyoyi da sassaƙar katako da rufin da ke hawa-hawa, daga waje ake ganinsa. Hukuncin shiga kuma ku tambayi malaminku tun a gida don kada ku tsaya gardama a bakin ƙofa. In kun shiga, ladabin wurin shi ne a cire takalmi da hula, a tsallake dokin ƙofa ba tare da an taka shi ba, a rage murya, in an zauna kada tafin ƙafa ya fuskanci gunki ko malami. Suturarmu ta riga ta cika sharaɗinsu na rufe kafaɗa da gwiwa, hijabi kuma ba baƙon abu ba ne a garin.

Ku gangaro kudu ta titin Phra Pokklao zuwa dandalin Sarakuna Uku, inda aka kafa mutum-mutumin Mangrai da abokansa biyu, Ramkhamhaeng sarkin Sukhothai da Ngam Muang sarkin Phayao, waɗanda aka ce da shawararsu aka zaɓi wurin birnin. Gidan tarihin gari yana bayan dandalin, a tsohon ofishin lardi. Yana da sanyi, amma Litinin da Talata a rufe yake, kuma mai yini ɗaya zai iya tsallake shi.

Sai ku yi yamma zuwa Wat Phra Singh, wanda aka fara a 1345. Mutane da yawa suna tsayawa a babban ɗakin gaba su juya, alhali abin da ya cancanci tafiyar yana baya: ƙaramin ɗakin Lai Kham, mai zane-zane a bango na mutanen Lanna na da, da tufafinsu da kitsonsu da zanen jikinsu da kasuwarsu. Ku ba shi minti goma sha biyar ku duba a tsanake. Daga nan ku juyo gabas ta titin Ratchadamnoen zuwa Wat Chedi Luang, ku yi ƙoƙari ku isa kafin 9:30, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutane. Hasumiyar nan an fara ta a ƙarshen ƙarni na 14, aka kammala a zamanin sarki Tilokarat a ƙarni na 15. Tsawonta ya kai wajen mita 80 kafin girgizar ƙasa ta 1545 ta rushe samanta. Ko a rushe, ita ce abin da zai fi tsaya muku a rai. Baƙo yana biyan wajen baht 50 a ƙofa. A cikin harabar akwai ƙaramin ɗakin ginshiƙin gari da aka hana mata shiga, da allo a rubuce. Hajiya ta lura da shi. Wat Phan Tao yana manne da ita, ginin katako ne tsantsa wanda asalinsa zauren fada ne, leƙawa ɗaya ta isa.

Uku ko huɗun nan sun wadatar. A cikin ganuwar kaɗai akwai irin waɗannan wurare fiye da talatin, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ce sai an ga kowanne. Bayan na biyar ido ya daina bambancewa, ƙafa kuma ta mutu. Gara ku kashe sauran safiyar a lunguna, waɗanda suke kira "soi", inda akwai inuwa da gidajen katako da ƙarancin mota. Karnuka suna kwanciya a harabobi da lunguna. Kada ku taɓa su, kada ku ruga. In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti goma sha biyar a tafi asibiti a ranar, domin akwai ciwon haukan kare a ƙasar.

Wajen ƙarfe 11 ku fita ta Tha Phae ku nufi gabas. A nan ne haɗarin yinin yake, wato tsallaka titi. A Tailan mota tana bin hagu, saboda haka ido ya fara duba dama, saɓanin abin da jikinku ya saba. Wanda ya duba hagu ya sa ƙafa, babur ne zai same shi. Titunan da ke bin ramin ruwan kuma kowanne hanya ɗaya ce, motoci ba sa tsagaitawa. Ku nemi wurin da ke da fitila mai maɓalli, ko ku jira 'yan gari ku tsallaka tare da su, da tafiya daidai ba gudu ba ja da baya. Layin masu ƙafa a titi ba ya sa direba ya tsaya. Gefen titi ma ƙunci gare shi, ga babura a fake, ga daɓe da ya ɗago, don haka kada ku tafi kuna kallon waya.

Ku bi titin Tha Phae, kada ku bi Loi Kroh ko da taswirar waya ta nuna ya fi kusa. Layin mashaya ne, ba inda za ka bi da iyali ba. Bayan tafiyar kamar minti ashirin za ku kai masallacin Ban Haw, a lungu na ɗaya na titin Charoen Prathet. Fataken Musulmi ne daga lardin Yunnan na ƙasar Sin suka kafa unguwar, mutanen da suke ratso duwatsu da ayarin alfadarai a ƙarni na 19. 'Yan gari suna kiransu Chin Haw. Akwai wurin alwala da sashen mata. In yinin ya faɗo Juma'a kun yi sa'a biyu: ga jam'i, ga kasuwar safe da ake ci a gaban masallacin a ranar, mai abincin Yunnan da na ƙasar Bama (Myanmar), wadda take watsewa wajen azahar. A ranar Juma'a sai ku gajarta safiyar ku iso da wuri.

Lungun nan ne wurin cin abincinku, shagunan Musulmi ne a jere. Ku nemi khao soi: taliyar ƙwai a cikin romon madarar kwakwa mai kayan yaji, da kaza ko naman sa, an barbaɗa soyayyiyar taliya a kai, ana kawo shi da albasa da ganye mai tsami da lemun tsami a gefe. Ku matse lemun ku juye albasar, yajin da ke ƙaramin kwano kuma ku fara da kan cokali. Kwano yana kama baht 50 zuwa 80, kuma ƙanana ne, namiji mai tafiya zai so biyu. Wanda ya fi son shinkafa ya ce khao mok kai, dafa-duka ce mai kurkur da kaza.

A wajen wannan unguwa sai an yi hattara, domin girkin arewacin Tailan alade ya yi masa yawa, kuma ba kullum ido ke ganinsa ba. Yana shiga romon taliya ko da naman da ke sama kaza ce, ana suya da kitsensa, ana niƙa shi a miyar tumatir da ake kira nam phrik ong, shi ne cikin sai ua, naman da ake ɗurawa a hanji a gasa, shi ne kuma khaep mu, soyayyiyar ganda da ake tarawa a leda kamar cincin. Kalmar alade ita ce "mu". "Mai kin mu" na nufin ba na cin alade, amma harshen yana da karin sauti kamar Hausa, in aka karkata shi ma'ana ta canza. Ku sa ma'aikacin masaukinku ya rubuta muku a takarda da rubutunsu. Ko da hakan, cire nama daga kwano ba ya canza tukunyar. Hanya mafi aminci ita ce a nemi alamar halal, koren tambari mai siffar lu'ulu'u na majalisar Musulunci ta ƙasar, ko wata da tauraro a allo, ko mai sayarwa mai hijabi. Masu soya roti da ayaba da ƙwai a bakin titi da yawansu Musulmi ne. 'Ya'yan itace, ruwan kwakwa da shinkafa mai danƙo da mangwaro kuwa babu damuwa.

Daga ƙarfe 1 zuwa 3:30 kada ku yi gaba da rana. Ko ku koma masauki ku kwanta, ko ku taka minti goma zuwa arewa ku shige kasuwar Warorot, wadda 'yan gari ke kira Kad Luang, mai rufi da hawa-hawa. Ɗan kasuwa irinka zai ji daɗinta: yadudduka, busassun 'ya'yan itace, ganyen shayi, kayan yaji, da kayan saƙar mutanen duwatsu a lungunan baya. Farashin nan na 'yan gari ne, ragin da ake yi kaɗan ne, kuma da murmushi ake nema. Ɗaga murya yana kashe ciniki a wurinsu. In kun ga kwanan wata a jikin kaya kamar 2568 ko 2569, kada ku ruɗe, lissafinsu yana gaba da na Miladiyya da shekara 543. Banɗakin kasuwa ana biyan baht 5 ko ƙasa, kuma yawancinsu da tiyon ruwa. Kasuwar furanni ta Ton Lamyai tana jikinta a bakin kogi, daga nan akwai gadar ƙafa zuwa unguwar Wat Ket, mai tsofaffin gidajen fatake da masallacin Attaqwa, inda za ku iya yin la'asar in ba ku haɗa ta da azahar ba.

In ƙafa ta gaza, ku tare jar a-kori-kura mai benci biyu da suke kira rot daeng. Ku faɗa wa direba inda za ku. In ya gyaɗa kai ku hau baya, in kun iso ku danna ƙararrawa ku biya ta taga, wajen baht 30 kowane mutum a cikin gari. Kada ku fara da tambayar nawa ne, sai ya ɗauka shata kuke so. A-daidaita-sahunsu, wato tuk-tuk, ya fi tsada kuma sai an yi ciniki kafin a hau. Manhajar kiran mota ta Grab tana nuna kuɗi tun farko. Duk direban da ya ce wurin da za ku a rufe yake, ya kawo shawarar shagon gwal ko na tela, ku gode masa ku sauka.

Yamma ta danganta da ranar. Lahadi ana rufe titin Ratchadamnoen daga Tha Phae har kusa da Wat Phra Singh, ya koma kasuwar ƙafa daga wajen ƙarfe 5. Ku shiga da wuri, don daga ƙarfe 7 cunkoson yana hana motsi, jaka kuma ta dawo gaba. Asabar irin wannan kasuwa tana ci a titin Wua Lai, unguwar maƙeran azurfa, kudu da ƙofar Chiang Mai. Sauran ranaku akwai kasuwar dare ta titin Chang Khlan, wadda take bakin lungun masallacin Ban Haw, ga magariba da isha'i da abincin dare duk a wuri ɗaya. A nan kam ciniki ake yi sosai. Ƙarfe 6 na yamma, kamar 8 na safe, in an sa taken ƙasa a lasifika za ku ga kowa ya tsaya cak. Ku tsaya ku ma har a gama, bai kai minti biyu ba. Maganar sarki da iyalinsa kuma ku bar ta gaba ɗaya, ko da wasa: sashe na 112 na dokar laifukansu yana kai mutum ɗaurin shekara 15, kuma hoton sarkin yana jikin kuɗi, saboda haka in takarda ta faɗi iska na janta, da hannu ake kamawa, ba a taka ta da ƙafa.

Ku ajiye katin masaukinku mai adireshi da rubutun Tailan a aljihu, da hoton fasfo da biza a waya, da lambobi biyu: 1155 ta 'yan sandan baƙi masu jin Turanci, da 1669 ta motar asibiti. Masaukin kuma ku kama shi kusa da ƙofar Tha Phae, ko tsakaninta da kogi, domin daga nan tsohon birni da masallaci duk tafiyar minti goma zuwa ashirin ce. Allah ya kai ku lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka, a gaida Hajiya.